Kabarin Malam da Injin Bincike

Ong Khiem mutum ne da ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwar An Cat, tafiyar rabin awa a babur daga birnin Hue. Ko agogo lafiyarsa ƙalau, in dai ya shigo hannunsa sai ya cire murfin baya ya ga wane ne ke tura wane. Matarsa Suong ta daɗe da koyon ɓoye tukunyar shinkafarta ta lantarki. To, sai ga shi da furfurarsa ya gamu da injin da ba shi da murfi, ba shi da ƙusa ko ɗaya da za a kwance, kuma a hannun wannan injin buƙatarsa take.

Ga yadda abin ya faro. A watan uku aka kafa allo a bakin maƙabartar ƙauyen, wadda ke kan tudun farin yashi, cewa sabuwar hanya za ta ratsa ta nan. Kowane gida ya kwashe ƙasusuwan nasa zuwa sabuwar maƙabarta kafin ƙarshen watan goma. Kabarin da babu ɗan jini da ya zo ya sa hannu a kansa, ma'aikata za su tone shi su kai layin marasa kowa, inda lamba kawai ake rubutawa a jikin siminti.

Na iyayen Khiem ba su ba shi wahala ba, hannu kawai ya sa. Amma akwai wani kabari a gefen na mahaifinsa, wanda gidansu ke sharewa shekara sittin da 'yan kai, suna kai masa turaren tsinke da ayaba duk ƙarshen shekara, alhali ba su haɗa jini da mai shi ba. Mai maganin gargajiya ne da ya tsinci mahaifin Khiem yana maraya bayan wata ambaliya, ya ciyar da shi, ya koya masa karatu. Da ya rasu, matarsa ta ɗauki 'yarsu ɗaya tilo mai shekara tara ta yi kudu, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A gidan su Khiem "Malam" ake ce masa. Ainihin sunansa kuwa ba ya fita daga bakin kowa, domin babu ɗan mutunci da zai kama sunan babba wanda ya riga ya tafi. Sau ɗaya tak Khiem ya taɓa jin sa, ranar da mahaifinsa ya tsayar da shi a gaban dutsen yana ɗan shekara goma sha biyar, ya nuna masa haruffan dā guda uku da aka sassaƙa, ya karanta masa su ƙasa-ƙasa, ya ce ya riƙe a ransa.

Khiem ya je ofis ya ce shi zai sa hannu a madadin dangin Malam. Ma'aikacin ya tambaye shi me suka haɗa. Ya ce alheri. Mutumin ya duba takardar daga sama har ƙasa ya ce babu gurbin alheri a ciki.

'Yarsa Tram, wadda ke aiki a Da Nang, ita ta buɗe masa shafi a intanet da ta zo hutu, ta nuna masa inda ake rubutu da inda ake dannawa, ta koma. Ta ce in jikokin Malam suna raye, wata rana za su yi bincike su faɗo a kai. Khiem ya ɗauki aikin hannu bibbiyu. Kullum da safe, kafin ya buɗe akwatinsa, sai ya zauna da kofi mai gishiri da tsohuwar kwamfutar da Tram ta bar masa, yana rubutu da yatsa biyu. Kowane rubutu yana farawa da gaisuwa ga manya da ƙanana, na kusa da na nesa, sai neman afuwa a kan cewa shi mai gyaran agogo ne ba marubuci ba, sannan a hankali a gangaro kan zance. Kanun kuwa: Tunani na Ɗaya, Tunani na Biyu, haka har na Goma Sha Bakwai. Gaskiya rubutu ne mai daɗi. Ya ba da labarin yadda Malam ke jin bugun jinin mara lafiya da yatsa uku, da yadda yake karɓar ƙwai biyu a madadin kuɗi. Ya ɗauki hoton dutsen kabarin ya sa.

Akwai wani ɗan wuri a shafin da ke nuna mutum nawa suka leƙo. Zuwa ƙarshen watan bakwai mutum uku ne. Shi, da Tram, da wani daga wata ƙasa mai nisa da ya tsaya daƙiƙa biyu ya fice. Khiem ya yi mako guda yana tunanin wannan mutumin, me ya kawo shi, me kuma ya kore shi.

Sai ya soma gwada injin binciken intanet da kansa. Ya rubuta "kabari a An Cat". Aka kawo masa masu sayar da dutsen kabari, da labarin hanyar, da wani otal. Ya yi ta danna "na gaba" har shafi na goma sha huɗu bai ga kansa ba. Don ya gane ko injin ne ke da matsala, sai ya rubuta "turaren tsinke na Hue". Abin da ya fara fitowa, a can sama, kafin manyan shaguna masu bene, fuskar Lieu ce, ƙanwar matarsa, tana dariya da haƙorinta na zinariya a tsakanin dammunan turare ja da rawaya.

Ya daɗe yana kallon ta. Lieu aji biyar ta yi ta bar makaranta. Lieu ba ta san inda ake sa waƙafi ba.

"Me kake kallo haka kamar an aiko ka?" in ji Suong, tana wucewa da kwanon ganye.

"Ƙanwarki. Ita ce ta ɗaya a duk ƙasar nan."

"A surutu? Ai tun muna yara."

Washegari ya rufe akwatinsa da wuri, ya ɗaure kwamfutar a leda saboda ruwa ya fara sauka, ya hau babur zuwa gidan Lieu. Ya tarar da ita a tsakar rumfa tana murza turare, waya jingine da gwangwani a gabanta tana amsa wa masu saye. Ba girman kai gare shi ba in dai a kan son sanin abu ne. Ya zauna a kan 'yar kujerar roba ya ce ta faɗa masa wa ta biya.

"Biya? Yaya, ni da ko ruwan kifin miya sai na yi ciniki?"

"To me kika yi masa ya ɗora ki a sama?"

"Ba abin da na yi masa. Abin da mutane ke tambaya nake rubutawa. Wata ta kira ni ta ce wane turare ne ba ya sa tari, sai na rubuta haka ɗin a sama, wane turare ne ba ya sa tari, na ba da amsa a ƙasa. Miƙo naka in gani."

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta karanta layi biyar na Tunani na Tara, leɓenta yana motsi, sannan ta ɗago.

"Yaya, wannan gaisuwar wa kake yi wa?"

"Masu karatu."

"Su ukun?"

Lieu ta ci gaba da gangarawa da yatsa. "Har yanzu kana ba da haƙuri. Har yanzu. Af, ga kabarin nan ya fito, a layi na talatin. Kai, injin nan fa ba surukinka ba ne da zai zauna ya sha shayi har ka gama kewaye-kewaye. Yana leƙowa ne ya ga me ke saman, ya wuce. Kuma wa zai tashi da safe ya rubuta 'Tunani na Tara'? Tunanin wa?"

Abin ya ɗan sosa masa rai, amma daɗin fahimta ya fi. Ashe injin ba ya auna kyan rubutu. Kalmar da mai nema ya rubuta yake ɗauka, ya zaga yana neman inda aka rubuta irinta. Ya ciro ɗan littafin da yake zana cikin agogo a ciki, ya soma rubuta abin da take faɗa. Kanu ya faɗi abin da ke ciki. Sunan wuri a layin farko. A rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto. A nemi wasu shafuka su nuna hanyar naka, don injin ya fi yarda da wanda wasu suka ambata.

"Kamar mutane ke nan," in ji shi.

"Ya fi mutane sauƙi, shi ba ya gulma." Ta koma saman shafin, ta sake gangarowa, ta tsuke fuska. "To ina sunan?"

"Wane suna?"

"Na mutumin. Rubutu goma sha bakwai, Malam ya yi kaza, Malam ya ce kaza. Malam nawa ne a ƙasar nan? Ko mai koyar da tuƙin mota Malam ne."

"Yana jikin hoton," Khiem ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ga shi nan a dutsen."

Lieu ta buɗa hoton da yatsu biyu. Haruffan dā ne, gansakuka ta cinye rabinsu. "Wannan ni ma ban iya karantawa ba, balle inji. Jikar mutumin nan in tana nema, me kake tsammani za ta rubuta? Ba ta san An Cat ba, ba ta san ka ba. Abu ɗaya ne a hannunta."

"Ba a yin haka."

"Na sani ba a yi. Ni ma ban taɓa kama sunan babanmu ba. Amma kai ne kake neman a same ka. To ka faɗa mini a kunne ni in rubuta, ai ni ba 'yar gidanku ba ce."

"In na faɗa miki ai na faɗa ke nan."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan turarenta. A farkon watan takwas aka yi wannan zama.

Khiem ya koma gida ya yi duk abin da ke cikin littafin ban da guda ɗaya. Ya sauya kanun: "Kabarin mai maganin gargajiya a An Cat, kusa da Hue, ana neman jikoki". Ya yanke gaisuwar, ko da yake bai iya zubar da ita ba, sai ya mayar da ita can ƙarshe, inda ta zama kamar mutum ya gama cin abinci sannan ya yi sallama. Ya rubuta shekarar rasuwa da shekarar da matar ta tafi kudu. Ya je wurin sakataren ƙungiyar 'yan asalin An Cat mazauna birni, ya gyara masa agogon bango kyauta, shi kuma ya sa hanyar shafin a nasu. Ya sa lambar wayarsa a sama.

Kuma abin ya motsa. Wannan ne ya fi burge shi. Kowace safiya sai ya rubuta tambaya iri ɗaya ya ga ina ya kai, ya rubuta a littafi. Daga babu sai ga shi a shafi na shida. Bayan mako guda, na uku. Ya gano cewa in ya sauya abu yau, injin ba ya lura sai bayan kwana uku ko huɗu, sai ya riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya yana jira, yadda ake yi wa agogon da ke gudu. Ranar da ya ga kansa a shafin farko, a ƙarƙashin masu sayar da dutse, sai da ya kira Suong daga kicin ta zo ta gani. Ta duba ta ce to madalla, yanzu ya zo ya ɗauke mata tukunya.

Masu leƙowa suka kai arba'in, suka kai ɗari biyu. Waya ta soma ƙara. Wani yana tambayar ko ya san nawa ake ba da diyya a kan kabari. Wata tana neman maganin ciwon gwiwa irin na Malam. Wani ɗalibi yana so ya zo ya ɗauki hoto. Duk ya amsa musu da haƙuri, har ya tambaye su me suka rubuta suka same shi, ya ƙara a littafi. Babu ko ɗaya da ya zo neman kaka.

Watan tara ya shigo da ruwan da ba ya ɗaukewa. A maƙabarta gidaje suna ta zuwa da masu duba ranar sa'a, suna kafa rumfa, suna kwashe nasu. Tudun ya cika da ramuka. Khiem ya kwashe iyayensa a ranar da aka zaɓa masa, kabarin Malam ya rage shi kaɗai a wannan gefen, an shafa masa jan fenti a kusurwa.

Da suna cin abinci Suong ta ce, "Baban Tram, ka san fa Lieu ta fi ka gaskiya."

"Na sani."

"To?"

"In na rubuta, kowa zai gani. Masu neman diyya, masu ciwon gwiwa. Wani yana cin taliya yana karanta sunan da babana bai taɓa ɗaga murya da shi ba. Injin ma zai jera shi kusa da tallan otal."

"In ba ka rubuta ba kuma lamba za a ba shi."

"Ai ina shafin farko yanzu. Wataƙila su zo ta sunan ƙauyen."

Ta dube shi kawai ta ƙara masa miya. Shi ma ya san ba wannan ba ne. Tsoro yake ji, irin na ɗan da zai taɓa kayan da uba ya ce kada a taɓa, kuma uban ba ya nan balle a tambaye shi. Haka ya yi ta jan ƙafa, yana gyara kanu, yana rage nauyin hotuna don shafin ya riƙa buɗewa da sauri, yana duk wani aiki da zai hana shi wancan, har watan tara ya ƙare.

Ran biyu ga watan goma ya ɗauki turare da faranti da tsofaffin kwabbai biyu masu huda ya hau tudun. Da su ake tambayar waɗanda suka tafi. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an yarda. In duka suka kife, an ƙi. In duka suka buɗe, dariya ake yi maka. Sau uku ake jefawa, ba a ƙarawa.

Ya kunna turaren a ƙarƙashin lema, ya yi wa Malam bayani tun daga farko, har da yadda injin ke aiki, domin yana ganin mutumin da ke jin ciwo da yatsa uku zai so ya san wannan. Sannan ya jefa. Duka biyun suka buɗe.

"To, na ji. Abin dariya ne," in ji shi.

Ya sake jefawa. Duka suka kife.

Ya tattara su a tafin hannu ya tsaya, ruwa yana ɗiga daga bakin lemar. Saura ɗaya. In ya jefa aka ƙi, shi ke nan, ya san ba zai iya tsallakewa ba. Duk rayuwarsa bai taɓa barin tambaya a rufe ba, amma wannan sai ya ga ba ya so ya sani. Ya zuba kwabban a aljihu.

"Malam, ba zan sake tambaya ba. Zan yi. In laifi ne, nawa ne, kada a ɗora wa babana."

Da ya isa gida ya wanke hannu, ya sa riga mai maɓalli, ya zauna. Kalma uku ce. Ya rubuta su a kanu, ya rubuta a layin farko, ya rubuta a ƙarƙashin hoton, yadda Lieu ta koya masa, bakinsa a rufe gam. Ya danna. Ba abin da ya faru, fanka tana juyawa, Suong tana yankan albasa. Ya rufe kwamfutar, kuma kwana huɗu bai buɗe ta ba. Da ya buɗe, hannunsa bai iya rubuta sunan a injin don ya gwada ba, don haka bai san ko ya hau ko bai hau ba.

Ran sha biyar ga wata, da la'asar, yana cikin akwatinsa da gilashi a ido yana fama da wani agogon hannu, waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, da harshen mutanen kudu, mai sauri, ana jin ƙarar injin kwalekwale a bayanta.

"Baba, don Allah kai ne ka yi rubutu a kan Quach Dinh Luyen?"

Haka ta faɗe shi, duka ukun, da ƙarfi saboda ƙarar injin. Shekara hamsin da biyu rabon da sunan ya shiga kunnensa. Gilashin ya faɗo daga idonsa ya gangara kan tebur. Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Ni ne," ya ce.

"Kakana ne. Sunana Diem, daga Long Xuyen nake kira. Hoton nan da gaske kabarinsa ne? Akwai shi har yanzu?"

"Akwai shi. Saura kwana goma sha biyar."

Ta yi ta jero tambayoyi, yana amsawa. Ya gaya mata wace mota za ta shiga, da takardun da ofis ke so, da cewa akwai ɗaki a gidansu. Sannan halinsa ya motsa, ya jawo littafin.

"'Yata, ki yi haƙuri da tambaya. Me kika rubuta kika same ni?"

"Sunansa kawai. Shi kaɗai muke da shi. Mama ba ta tuna sunan ƙauyen ba, ta ce dai kusa da Hue ne, akwai farin yashi. Duk ran sha biyar ga wata, in ta gama kunna turare, sai ta ce in ɗauko waya in rubuta sunan babanta mu gani. Shekara shida muna yi. Wani lokaci har faɗa muke yi, in ce Mama ba abin da zai fito. Yau ma hannuna ne kawai ya saba."

"Tana kusa? Zan so in gaishe ta. Babana ya sha ba ni labarinta, ya ce shi yake goya ta zuwa kasuwa."

Ƙarar injin ta ɗauke, kamar ta matsa wani wuri.

"Mama ta rasu, Baba. Ran ashirin ga watan jiya. Ran sha biyar ɗin ma sai da ta sa na duba, tana kwance."

Khiem ya koma ya zauna. Littafin yana buɗe a gabansa, ga rubutunsa nan rana bi rana, shafi na shida, shafi na uku, shafin farko. Ran sha biyar ga watan tara yana shafin farko. Ran sha biyar ga watan takwas ma Lieu ta riga ta gaya masa. Baƙin ciki ya rufe shi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

"Baba, kana ji na? Na ga rubutun da yawa, har goma sha bakwai. Ban karanta duka ba tukuna. Yaushe ka fara?"

Zai iya cewa kwanan nan. Ba za ta taɓa bin kwanan watan ba.

"Tun watan uku," ya ce. "Sunan ne ban sa ba sai kwana goma sha uku da suka wuce. An gaya mini in sa, na ƙi. Ban iya kama sunansa ba."

Ya duba fuskar wayar ko ta katse. Yana jin numfashinta.

"Ita ma ba ta taɓa faɗa ba," in ji Diem daga baya, muryarta ta sauya. "A takarda ta rubuta mini, sau ɗaya. Shi ya sa kullum ni take sawa."

Wata mata ta tsaya a gaban akwatin da agogo a hannu, ta dubi fuskarsa, ta wuce.

"Sabuwar maƙabartar," Diem ta ce, "akwai fili a gefen kakana? Ko kaɗan ne. An ƙone gawar Mama, tokarta tana haikali, ba mu yanke inda za mu kai ta ba."

"Akwai. In babu ma, nawa filin yana nan kusa, na riga na kama."

"To zan zo da ita. Motar Laraba zan shiga, mu iso Alhamis da rana. Mu biyu ne, Baba, ka zo da abin da zai ɗauke mu."